Jan Bakin Dutse a Taswirar Dakta

Da ƙafa ɗaya ba takalmi Dakta Lusajo ya fito da gudu, takarda a hannu. Mutumin tudu ne, gwamnati ta turo shi tsibirin Pemba ya auna ruwan teku. Da sassafe ya ɗiga ruwan tekun da ke kwalba a ƙarƙashin madubinsa mai ƙara girman abu, ya ga wasu halittu sirara kamar allura, ya shafa ja a gaɓar Bakin Dutse a taswirarsa. Chaza, dodon koɗin da mata ke tsinta, su yake ci ya tara guba. Wanda ya ci chazan, in bai mutu ba, kansa ya zama rariya, ba ya riƙe sabon abu.

Ga shi ruwa ya fara janyewa, mata sun ɗauki kwanduna.

Bi Mboje, tsohuwar da ta sauke shi, ta tare ƙofa da shayi. Ya ce ba lokaci. Ta ce teku ba ta taɓa guduwa ta bar kowa ba. Ya kurɓa a tsaye: sukari cokali ɗaya da rabi, ba citta, yadda yake so. Ya yi mamakin basirar mutanen tsibiri.

A gindin mangwaro ya tarar da gari ya riga ya taru, har da tabarmi. Ya ɗaga taswira, ya buɗe baki.

"Inna lillahi, mun shiga uku," in ji Baba Faki mai gyaran taru.

"Bai faɗa ba tukuna, tsohon banza," matarsa ta zungure shi.

Dakta ya faɗa. Ya yi gumi, ya nuna jan, ya roƙe su don Allah kada kowa ya taka Bakin Dutse. Mata suka kama haɓa. Wata ta yi kuka mai kyau, tana ɓare gyaɗa. Liman ya yi masa addu'a, an shafa. Kwanduna suka juya kudu, inda taswira take fara fat, tun kafin ya nuna musu.

Ya dawo gida ƙirji a buɗe, ya zauna.

"Iya, yau na ceci gari."

"Ka ceta, ɗana. Ci abincinka, wake ne. Wake kawai."

Da ya gyangyaɗa, ta zare takardar daga hannunsa, ta shimfiɗa masa sabuwa fara a kan tebur, ta cika kwalbar gobe. Ta leƙa ta katanga ta ce wa Faki an cire shi daga wasan firgita sai bayan salla, yana ɓata wa mutane aiki.

Sannan ta buɗe akwati ta ɗora taswirar a kan 'yan'uwanta, na shekara goma sha ɗaya, tun ranar da ya sauka ta ajiye masa kwanon chazan Bakin Dutse, ya ce sai ya auna tukuna, ta ce a gidanta baƙo ba ya mayar da kwano, ya kuwa cinye.