Damin Sarkin Noma

Sha'ibu ya sauke damin gero a ƙofar maƙwabcinsa Barmo.

"Sarkin noma, ga abin da muka harhaɗa maka. Mun ga gonarka."

Barmo ya kasa ɗaga ido. Shi ne ya tsaya a kasuwar Cadawa, shekarar samun mulkin kai, ya ce malamin gona ya yi lakol, ya yi karatun boko, kowa ya shuka sabon irin da malamin ya kawo. Aka shuka. Ruwa ya ɗauke, geron bai yi ido ba.

"Ba wanda ya ga laifinka," in ji Sha'ibu.

Barmo ya yi godiya. Gonar bakin hanya kaɗai ya shuka wa sabon irin, don a gani. Babbar gonarsa ta wajen Gazawa kuwa, irin ubansa ya zuba mata, rumbunanta cike suke.