Shaidar Jaki a Madarumfa

Da hantsi aka iske jakin tsaye a bakin tabki, kusa da garkar Hassan mai zogale, amalanke ɗaure a bayansa, injin ban-ruwan Hassan kwance a kai. Masu hasashe suka ce ɓarayi ne suka ji motsi suka arce. Jakin kuwa ko a jikinsa, yana korar ƙuda da wutsiya kamar wanda aka ce ya jira.

Tun farkon rani ake kwashe injuna a garake, albasa na bushewa, masu ita na tsinuwa. Yau ne kawai sata ta bar shaida mai ƙafa huɗu.

Kafin a ɗaure jakin a gindin itacen bedi na ƙofar jandarma, Alhaji Isa, konseyen unguwa, wato kansila, har ya gano ɓarayin. Ya ce 'yan Rumfuna ne.

Rumfuna unguwar zana da leda ce a bayan gari, inda mutanen ƙauyukan bakin iyaka suka raɓe bayan 'yan bindiga sun tashe su. Alhaji ya san su sarai. Shi ya aika kamiyo, babbar motar kaya, aka kwaso su dab da zaɓe, ya yi masu kati, ya nuna masu fadama da bakin sandarsa ya ce tasu ce. Da aka gama ƙuri'a fadamar ta koma hannun 'yan gari masu manyan riguna, samarin Rumfuna suka koma zaman inuwa. Yanzu kuma filin da rumfunan ke kai ya yi daraja.

Hujjar Alhaji gajera ce: ɗan gari babur yake hawa, jaki da amalanke kayan ƙauye ne. Ya nemi kwamandan jandarma ya tashi unguwar kaf kafin ruwa ya sauka.

Aka kira mutanen Rumfuna. Suka zo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya dubi jakin da kyau, ya ce shi dai a wurinsa jakai duk kamarsu ɗaya.

Ɗelu mai sayar da dussa ce ta zo ƙarshe. Bazawara ce, zanenta kullum fari-fari da garin sana'a, tana da ɗa saurayi cikin masu zaman inuwar. Ta taɓa kawo wa kwamanda wani zance kan inda injunan sata ke kwana, ya ce ta je ta zo da shaida ɗan gari, don maganar baƙuwa ba ta ɗaure kowa. Yau ba ta matso ba. Can ta tsaya, bayan motar jandarma.

"Ranka ya daɗe, ɓarayin ɗiyanmu ne, ban musa ba," in ji ta. "Amma inji ba tuwo ba ne, ba a cin shi da miya. Wanda ya hana su garka da wanda ke sayen injin, su ma a nemo su."

Jakin ya miƙe kunnuwa. Mutane suka ce ko dabba ta ji rashin kunya.

Sai Ɗelu ta sauke murya, ta roƙi arziƙi guda: kada dai a yi irin na ƙauye, a ce za a saki jakin a bi shi inda za shi. Dabba ce, ba ta da hankali, tana iya jawo wa bayin Allah.

Alhaji ya ga tsoro a fuskarta, ya yi murmushi. Shi dai ya san bai taɓa mallakar jaki ba, kayansa a mota suke tafiya. Ya ɗaga hannu gaban jama'a ya ce lalle a sake shi, duk ƙofar da ya tsaya a bincike ta, mai gidan kuma ya bar garin. Kwamanda ya amince. Aka jira la'asar, lokacin da dabba ke tuna gida. Ɗelu ta ce ƙafa na mata ciwo, ta shige zauren jandarma ta zauna.

Aka kwance igiya. Jaki a gaba, Alhaji na biye, rabin Madarumfa na bayansa. Da suka zo mararrabar Rumfuna Alhaji har ya fara karkata kafaɗa. Jakin ya wuce. Ya ratsa kasuwa, ya bi ta gefen masallaci, ya shiga unguwar gidajen siminti da saurin mai alkawari. Ya kewaya wani dogon bango, ya tsaya a ƙaramar ƙofar ƙarfe ta baya, ya sunsuni ƙasa, ya ɗaga kai ya yi kuka.

Alhaji, mai gidan, ya ce makullin ya ɓace. Kwamanda ya tuna masa da maganarsa, jama'a suka taya shi tunawa. A ƙarƙashin tampol aka iske injuna jere, an kankare masu fenti, suna jiran motar da za ta tsallaka da su iyaka. Masu garka suka shiga kiran sunan kayansu kamar iyaye a ƙofar lakwal lokacin tashin 'yan makaranta.

Alhaji ya rantse da duk abin rantsuwa cewa jakin nan ba nasa ba ne. Babu wanda ya saurara. Shaidar ɗan gari aka nema, ga ta kuwa har da amalanke.

Ba a tashi Rumfuna ba. Jakin ya kwana biyu a hannun jandarma, babu wanda ya zo nemansa, aka gaji da kukansa aka sake shi. Ya koma ƙofar ƙarfen nan, ya sunsuna, ya iske ƙasa tsura. Ya tsaya jim, sannan ya juya ya kama hanyar bayan gari.

Ɗelu na bakin rumfarta da ƙwarya cike. Ta sosa masa wuya ta ce, "Sannu da aiki, Goje. Daga yau a gida za ka ci dussarka, na gaji da kai maka ita bayan gidan mutumin nan kowace la'asar."