Kukar da Ta Yi Ganye da Rani

Ko na dafa Alƙur'ani ba za ka yarda ba, amma haka aka yi. Wani direba ne ya dawo daga Jos da ɗan itace a gwangwani, irin mai ganye tsinke-tsinke kamar allura, wanda ba ya kaɗewa rani da damina. Ya dasa a ƙofar gida. Da itacen ya miƙe kore shar, sai majalisar unguwa ta naɗe tabarminta ta koma can. Maƙwabcinsa kuwa, wani mai facin keke mai kurin tsiya, kuka ce a ƙofarsa, gadon kaka. Ita kuka ka san halinta: damina ta yi lulluɓi, rani ta tuɓe zigidir kamar an dasa ta a kife. Duk shewar da aka yi a ƙofar direba, a ƙirjin mai faci take sauka. Rannan ya kasa daurewa, ya ce, "Allura ma ganye ce? Kukata ganin dama ne ba ta yi ba."

Da asuba ya faki ido ya saro rassan darbejiyar mai unguwa, ya hau kukar ta turakun da ake takawa a ciro ganye, ya ɗaɗɗaure su can ƙololuwa inda ido ba ya tantancewa. Zuwa yamma su yi yaushi, da asuba ya sake. Kwana uku ana tururuwar kallon kuka mai ganye da rani, shi kuwa yana ta hura hanci. Ran na huɗu, yana tsaka da bayanin layar da kakansa ya binne a gindinta, sai guguwa ta taso ta jefo reshe guda a cinyar mai unguwa, da igiyarsa. Dattijo ya tsinki ganye ya tauna, ya tofar. "Malam, kukarka da ɗaci. Dama kwana uku ina cigiyar wanzamin da ke aske min darbejiya." Nan take ya yanke masa hukunci: har ruwa ya sauka, kullum ruwa garwa biyu da kwandon kashin awaki ga darbejiya, wasu biyun ga itacen direba, tunda shi ya tsone masa ido. Haka ya riƙa ratsa majalisa da garwa a kafaɗa, direba na cewa, "Sannu maƙwabci, ƙara ta nan gefen." Kafin damina itacen ya ƙara kamu biyu.

Ai Hausawa sun gama magana: hassada ga mai rabo taki ce.