Ƙanshin Baba

Likita ta duba na'urar da yarinyar ta hura. "Tun da muka cire naman da ya toshe mata hanci da maƙogwaro, numfashi ya daidaita. Amma huhun da saura. Akwai mai shan taba a gida?"

"Babu," in ji mahaifin. Ai a waje yake sha, kuma tun tana goye 'yarsa ba ta san wari ba balle ƙanshi.

Da suka fito ya ɗauke ta. Ta cusa fuska a rigarsa, baki a rufe, ta shaƙa sosai, ta yi ɗan tari.

"Baba, ashe haka ƙanshinka yake? Ina son sa."

Kwalin tabar yana aljihun gaba, tsakanin ƙirjinsa da nata.