Sunan Ɗan Fari

Tana cikin dakan gumbar sadaka likitan Kano ya bugo waya.

"Mama, sakamakon ƙarin da muka ciro daga ƙwaƙwalwar yaronki ya dawo daga Turai. Ƙwayoyin gado biyu ne suka manne da juna, suka haifar da ƙarin. Yanzu mun san irinsa, akwai maganin gwadawa. Tabbatar min da sunan yaron."

Ɗan fari ne. Tun da ta haife shi a Rurum, kunya ta hana ta kiran sunansa, ko a gadon asibiti, ko ranar da aka fita da makararsa.

Ta jingine taɓarya, ta faɗi sunan, ta sake faɗa da ƙarfi.

"Na ji, Mama," in ji likita.

Ba shi take kira ba.