Layi Mai Ruwan Hoda

Ina shekara goma, wata la'asar, Baba ya tsayar da ni a bakin tashar Whitechapel. Ya ciro taswirar layukan jirgin ƙarƙashin ƙasa, mai ƙamshin turarensa. Ban iya karatu ba, don haka ya bi layin da farce.

"Mai ruwan hoda, tasha biyu. Sai mai ruwan goro har Edmonton. Maimaita, 'yata."

Na maimaita.

"In masu duba takardun zama suka tare ni, kada ki ce Baba. Ki wuce."

Su uku muka tarar a ciki. Suka tare shi, na wuce ban waiwaya ba. Na isa gida ban ɓata ba. Shi har yau bai iso ba. Taswirar tana wurina, amma ƙamshin ya tafi.