Ƙarar da Ke Ƙasan Waƙar Mama

Karo na goma sha ɗaya ke nan Asher yana cire hedifon ya wurgar a kan katifa. Ƙarar tana nan. Can ƙasan muryarsa akwai wani gurnani mai kauri, kamar tirela ta tsaya a bayan gida ba a kashe inji ba.

Ranar Lahadi za a yi sujadar tuna mahaifiyarsa, Mama Miriyam, shekara guda da rasuwarta. Yau Laraba. Asher bai zo jana'iza ba. Yana Fatakwal, shekara bakwai yana ɗaukar wa mawaƙa kaya, kullum gobe zai kira gida. Abin da ya rage masa ya kawo shi ne waƙar da ita ta haɗa wa zumuntar mata, wadda take rerawa tana feren citta a tsakar gida. Fasto ya yarda a sa ta a lasifika bayan wa'azi. In ba ta fita tsaf ba, haka zai zauna a bencin iyali ba komai a hannunsa, coci duka na kallon ɗan da bai binne uwarsa ba.

Tsohon ɗakin ajiyar citta ya mayar situdiyo. Ya manna kiret ɗin ƙwai ko'ina, har a bangon da ya raba shi da ɗakin mahaifinsa, Baba Azariya. Mako uku da dawowarsa, abin da ya ji daga bakin Baba bai wuce "sannu" da "to" ba, sai busasshen tarin nan sau biyu da yake yi in ya dawo daga gona da yamma. Rigar mawaƙan coci da Baba ya shekara talatin yana sawa a layin baya, cikin masu kaurin murya, tana rataye a ƙusa, ta yi ƙura. Ranar da Asher ya gaya masa zancen waƙar, ya dubi makirfon, ya ce "To," ya ɗauki fartanyarsa.

Da safe ba a ɗaukar komai, injin markaɗen maƙwabta yana aiki har ƙarfe uku. Sai huɗu unguwa take lafawa, kuma a lokacin ƙarar take zuwa.

Ya canza wayar makirfo. Ya kashe firji, ya kashe fanka, ya kai wayarsa kicin ya rufe ta da tukunya. Ya buga doguwar ƙusa a ƙasa ya ɗaura mata waya, kamar yadda ya ga ana yi a Fatakwal. Ranar da aka ɗauke wuta ya yi murna, ya ɗauka da batir. Ƙarar ta fito, har ta fi ta jiya ƙarfi.

Ya gwada goge ta a kwamfuta. Ta tafi, amma ta bar muryarsa siririya kamar mai waƙa a cikin gwangwanin madara.

Ranar Alhamis ya kai rikodar da yake ɗaukar waƙar da ita shagon Okwudili, mai kayan lantarki a bakin kasuwar Kafanchan. Okwudili ya haɗa ta, ya yi magana a makirfo, ya saurara. Tsit.

"Ɗan Fatakwal, wannan abu lafiyansa lau. Kai ne ka kawo mayu daga can."

Asher ya kunna masa abin da ya ɗauka a gida. Okwudili ya karkata kai, ya daɗe.

"Ƙaran wuta ba ya hawa ba ya sauka. Wannan yana tafiya."

"To cikinta ne ya lalace," in ji Asher. "Nuna mini wata."

Biyu ya ɗora masa a kan tebur. Ɗaya ƙarama ce ta hannu, mai batir, ba ruwanta da wutar gida, amma ramin makirfo ɗaya ne da ita. Ɗayar akwati ce ta hannu na biyu, mai rami huɗu, sai dai dole ta bi ta kwamfuta, kuma Asher ya fara zargin kwamfutar ma. Ya juya wannan, ya juya waccan. Ya je gida, ya dawo Juma'a, ya sake juya su, har Okwudili ya ce in aurensu zai yi ya turo manya. A ƙarshe ya bar tsohuwar rikodar da agogon hannunsa, ya ɗauki ƙaramar.

Asabar, ƙarfe huɗu. Ya kunna ta, ya yi shiru na minti guda, ya saurara. Ko ƙuda babu. Ya sauke ajiyar zuciya, ya matse hedifon a kunnuwansa, ya fara.

Layin farko ya wuce tas. A na biyu ta shigo.

Ya daure ya ci gaba, haƙora a cije. A tsakiyar baiti na biyu, daidai inda Mama take ɗaga murya, haƙurinsa ya ƙare. Ya katse waƙar, ya fizge hedifon, ya danna maɓallin kashewa da ƙarfi har rikodar ta faɗi ƙasa, batiranta suka gangara ƙarƙashin tebur.

Babu abin da ke kunne a ɗakin. Ƙarar ba ta tsaya ba.

Ta hau inda Mama take hawa, ta ja numfashi inda take ja, ta ƙarasa baitin ita kaɗai a hankali. Sannan, daga bayan bangon, ta yi busasshen tari sau biyu.